Tsatsa a Cikin Tankin Babur: Abin da Na Koya a Hutun Damina

  Ni mutumin Kusa ne, a bakin iyakar Jibiya, inda mutum in ya miƙa kaɗan sai ya ga kansa a ƙasar Nijar, ya kama hanyar Ɗan Isa zuwa Maraɗi. A wurinmu babur shi ya gāji jaki da raƙumi. Da shi ake kai hatsi kasuwa, da shi ake kai mara lafiya asibiti, a gidanmu kuwa da shi ake biya mini kuɗin makaranta. Saboda haka abin da zan yi magana a kansa, watau tsatsar da takan ci tankin babur ta ciki da yadda ake maganinta, ba a littafi kaɗai na karanta ba. A gidanmu ya faru, kuma da hannuna aka yi aikin.

Yadda abin ya faro

Baba ya sayi babur ɗinsa, Boxer ƙirar ƙasar Indiya, a 1916 ta lissafin kakata, a 2016 ta lissafin sauran jama'a, domin ita a wurinta duk shekarun Bature ɗaya ne. Shekara bakwai yana aiki da shi bai taɓa ba shi kunya ba. To, a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ran 26 ga Yuli, sai aka rufe iyaka. Harka ta tsaya, ga mai ya yi tsada, sai Baba ya jingine babur a zaure ya koma gona. Man da ya rage a tankin bai fi kofi biyu ba. Haka ya zauna har watan Maris na 2024 da aka buɗe iyaka, sa'an nan aka kakkaɓe shi aka ci gaba da aiki. Tun daga lokacin yakan ɗan yi tari a hanya, amma da yake yana tashi, ba wanda ya damu.

Ran nan cikin Agusta na 2024, bayan sallar Magariba, zazzaɓi ya rufe ƙanwata, jikinta kamar garwashi. Inna ta goya ta, Baba ya tayar da babur, suka kama hanyar asibiti. Suna cikin tafiya babur ya fara sarƙewa, can sai ya mutu. Baba ya murɗa famfon mai zuwa rizab, ya buga, ya tashi, ya yi 'yar tafiya ya sake mutuwa. Wannan karon ya ƙi tashi sam. Ga duhu, ga hadari ya haɗo, kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki da dare a 'yan shekarun nan. Allah ya kawo wani ɗan kabu-kabu, ya ɗauki Inna da yarinya ya ƙarasa da su, Baba kuwa ya turo babur a ƙasa har gida. Ƙanwata ta kwana uku a asibiti ta sami sauƙi, alhamdu lillahi. Amma har yau in na tuna daren nan sai gabana ya faɗi.

Kashegari Kawu ya zo. Ƙanen Inna ne, kuma bakanike ne a Jibiya. Bai taɓa inji ba, sai ya zare tiyon mai ya tsiyaye abin da ke cikin tanki a farar kwalba, ya ajiye ta a kan turmi. Man ya fito ja kamar shayi. Da ya kwanta sai muka ga ruwa ya taru a ƙasa wajen kaurin yatsa biyu, da wani jan gari a gindin kwalbar. Kawu ya dubi Baba ya ce, "Yaya, injinka lafiya lau yake. Tankinka ne ya ruɓe ta ciki." Ya haska ciki da fitilar waya, muka leƙa, wallahi kamar cikin tsohuwar garwa.

Mece ce tsatsa?

Waɗanda muke aji ɗaya za su tuna gwajin da Malamin kemistiri ya sa muka yi, ranar da suka dame ni da tsokana wai ɗan Kusa ya kawo ƙusa. Mun sa ƙusa a kwalabe uku. Ta farko da ruwa rabi, baki a buɗe. Ta biyu da tafasasshen ruwa, aka zuba man gyaɗa a sama don kada iska ta shiga. Ta uku babu ruwa, an busar da ita an toshe. Bayan mako ɗaya ƙusar kwalbar farko ce kaɗai ta yi ja. Abin da wannan ya nuna shi ne, ƙarfe ba ya tsatsa sai abu biyu sun haɗu a kansa, watau ruwa da iskar oksijin. In aka hana ɗaya daga cikinsu, an hana tsatsa. Gishiri da tsami kuma suna ƙara mata sauri.

Wani abin lura shi ne tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka takan kumbura ta ɓamɓare, ta bar sabon ƙarfe a fili, shi ma a ci shi. Tukunyar alminiyam ba haka take ba, domin dattin da iska take yi mata a fuska yakan manne ya tsare abin da ke ƙasa. Shi ya sa ake shafe kwanon rufi da tutiya, ake kuma yi wa ƙyauren ƙarfe fenti. Tankin babur kuwa da falle na ƙarfe aka yi shi, kaurinsa kusan milimita ɗaya ne kacal. Wajensa an yi masa fenti mai sheƙi, cikinsa kuwa man da ke jiƙa shi ne babban mai tsaronsa.

To, ta ina ruwa yake shiga tanki? Hanya ta farko ita ce raɓa. A murfin tanki akwai 'yar kafa wadda iska take bi, don in babu ita mai ba zai sauka ba. Da rana tanki ya yi zafi iskar ciki ta fita, da dare ya huce ya shaƙi sabuwar iska mai laima, laimar nan ta zama ɗigon ruwa a jikin ƙarfe, kamar yadda ledar ruwan sanyi take yin zufa. In tanki cike yake, wurin iska kaɗan ne. In kuwa wofi ne, kamar namu da ya yi ƙarshen damina a zaure, to kullum dare sai ya tara nasa rabo. Hanya ta biyu ita ce robar murfi in ta tsufa, ruwan sama da na wanki su riƙa zurarawa. Ta uku ita ce man da aka saya da ruwa a cikinsa.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kuwa wajen giram 750 ce. Da yake ruwa ba ya gauraya da fetur, kuma ya fi shi nauyi, ƙasa yake nutsewa ya kwanta a lungunan tanki, inda aka haɗa ƙarfe da ƙarfe. Nan tsatsa take fara ci. Famfon mai kuma kafa biyu gare shi: ta kullum tana ɗiba daga ɗan sama, ta rizab tana ɗiba daga can ƙasa. Ashe da Baba ya juya zuwa rizab a daren nan, ruwa da garin tsatsa ya buɗe wa hanya zuwa kafireto. A cikin kafireto akwai wata kafa da mai yake bi wadda faɗinta bai kai rabin milimita ba. Ƙwayar tsatsa guda ta isa ta toshe ta.

Dalilin da abin ya fi yawa a wajenmu

Da na tambayi Kawu ko namu ne kaɗai, sai ya yi dariya ya ce ba mako da zai wuce bai wanke kafireto mai jan gari ba. Dalilan kuwa kowa ya san su. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba na shekarar kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka. Jibiya tana cikin wannan da'ira. Iyakarmu ba a buɗe ta ba sai Afrilu na 2022. A waɗannan shekaru mutane da yawa sun dogara ga man jarka da na kwalba. Ba ina aibata masu wannan sana'a ba ne, don 'yan'uwanmu ne, kuma sun fid da mutane daga ƙunci. Amma man da ya bi ta jarka uku da mazurari biyu, wani lokaci a ƙarƙashin ruwan sama, da wuya ya iso tanki ba tare da ƙura ko ɗigon ruwa ba.

Sa'an nan ran 29 ga Mayu na 2023 aka sanar da janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta ƙara hawa. Tankin Boxer yana cin wajen lita 11, amma wa yake da halin cika shi? Sai a sayi lita ɗaya ko rabi, a yi aiki a sami kuɗi a ƙara. Watau yawancin tankin iska ce zalla, dare da rana. Ka ga tsadar mai ta zama abokiyar tsatsa ke nan.

Kafin a taɓa komai

Abin da Kawu ya fara koya mini shi ne tsoron tanki. Ya ce, "Ɗana, tankin da babu mai ya fi mai cike haɗari." Na yi mamaki, sai da na koma ga Malam ya warware mini. Ruwan fetur ba shi ne yake kamawa ba, tururinsa ne in ya gauraya da iska. In tururin ya kai tsakanin kashi ɗaya da rabi zuwa kashi bakwai da rabi cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi guda ya isa ya tayar da shi. Tankin da aka juye, irin wannan haɗin ne yake iya kasancewa a cikinsa, kuma da yake a rufe yake, sai ya fashe. Har wa yau tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa kamar ruwa har ya tarar da murhu a wani gefen gida. Ba mu manta da abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa ba a Oktoba na 2024, inda tankar mai ta kama wuta fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Saboda haka wannan aiki a fili ake yinsa, nesa da madafa, ba sigari, ba ashana, ba a kuma leƙa tanki da wutar laita. A sa safar hannu ta roba da tabarau, a kori ƙananan yara. Ɗalibi kada ya yi shi shi kaɗai, sai da babba wanda ya san aikin. Mu a bayan gida muka yi, gindin dalbejiya, Inna kuma ta haƙura ta mai da girkinta gidan maƙwabta a ranar farko.

Wanki da kankara

Muka kwance tanki, muka cire famfon mai da ma'aunin mai, domin da wani ƙarfe mai laushi da roba aka yi su, kuma magungunan da za a zuba suna cin su. Muka toshe kafofin da robar tsohon tiyub da guntun itace. Muka wanke ciki da ruwan zafi da garin sabulu har sau uku, sai da warin mai ya ragu ƙwarai. Wannan wanki ba a raina shi, don duk inda maiƙo ya rage magani ba zai taɓa ƙarfe ba.

Sa'an nan Kawu ya ƙirga noti talatin a tafin hannuna, muka zuba su ciki tare da ruwan sabulu kamar lita biyu. Ruwan yana hana tartsatsi. Muka naɗe tanki da tsohon bargo don kada fenti ya ƙuje, muka yi ta jijjiga shi, ni da yayana, muna karɓa-karɓa kamar masu kaɗa nono, wajen rabin sa'a. Abin da ya fito kamar kunun kanwa da aka zuba wa jar ƙasa. Da muka ƙirga noti sai muka sami ashirin da tara. Na ce a bar shi mana, guda ɗaya ne. Kawu ya ce ko gobe za mu kai sai ya fito. Da maganaɗisun tsohuwar lasifika ɗaure a zare muka zaro shi daga wani lungu. Amfanin ƙirgawa ke nan.

Fid da tsatsar da ta manne

Jijjiga tana fid da ɓawon sama ne kawai. Wadda ta kama ƙarfe kuwa hanya biyu ake bi mata. Ta farko ita ce tsami. Ana cika tanki da ruwan khal, wanda ake kira binega, mai asid kashi biyar cikin ɗari, a bar shi kwana ɗaya ko biyu, murfi a sake don iskar da yake haifarwa ta sami hanya. Garin asid na lemon tsami shi ma yana yi. Wanda ya fi su duka shi ne asid ɗin fosforik, domin bayan ya ci tsatsa yakan bar wani shafe mai launin toka a fuskar ƙarfe wanda yake tsare shi na ɗan lokaci. Amma fa kada a kuskura a zuba ruwan batir. Ƙarfinsa ya yi yawa, yana cin lafiyayyen ƙarfe, yana ƙona fata, yana makantarwa. Kuma in za a sirka kowane irin asid, shi ake zubawa a ruwa a hankali, ba a zuba masa ruwa.

Lita 11 ta binega ta fi ƙarfin aljihun Baba, sai muka bi hanya ta biyu, watau ta lantarki, wadda Malam ya koya mana a darasin dokokin Michael Faraday, masanin Ingila da ya bayyana su wajen 1833. Ana bukatar ruwan da lantarki zai iya bi. Masu hali suna sa sodar wanki, babban cokali ɗaya a kowace lita huɗu. Mu kanwa muka jiƙa muka tace, don sinadarin da ke cikinta dangin sodar ne, sai dai muka ninka yawanta. Gishiri kuwa ba a sa shi, saboda yana fid da iskar kulorin mai guba.

Muka cika tanki da ruwan kanwa har wuya. Kawu ya huda guntun katako ya soka rodi, ya ɗora katakon a bakin tanki, rodin yana rataye cikin ruwa ba ya taɓa jikin tanki ko kaɗan. Baƙar waya ta batir mai bolt 12 muka maƙala a jikin tanki inda babu fenti, jar waya kuma a rodi. A nan ne ake kuskure, kuma kuskuren ba shi da gyara: in aka juya wayoyin, tankin ne zai narke maimakon rodin. Tsakanin batir da rodi Kawu ya saka ƙwan fitilar mota, ya ce shi ne ɗan sandanmu, yana rage ƙarfin wuta, kuma in rodi ya taɓa tanki zai haska fau mu gani. Ba a yin amfani da ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa a matsayin rodi, don yana ɓata ruwan da guba.

Ba a daɗe ba ruwa ya fara ƙananan kumfa. Kumfan nan iskar haidurojin ce da oksijin, kuma haidurojin tana kama wuta, dalili ke nan na biyu na yin aikin a fili. Bayan 'yan sa'o'i muka cire waya muka zaro rodi, ga shi ya yi kauri da jan laka. Muka kankare muka mayar. Da yake tankin babur ɓangare biyu gare shi kamar mangala, sai muka lanƙwasa rodi muka yi kwana ɗaya a dama, kwana ɗaya a hagu, muna canza batir ana cajinsa da farantin sola. A rana ta uku muka zubar da ruwan nesa da rijiya, muka ɗauraye, muka zuba binega lita biyu muna jujjuyawa don lungunan da lantarki bai kai ba. Daga nan muka kashe tsamin da sabon ruwan kanwa, kamar yadda Inna take kashe tsamin yakuwa a miya, muka yi ta ɗauraya da ruwa mai tsabta har sau biyar, don kanwa tana da ɗan gishiri a cikinta. Da muka haska sai ga ƙarfe fes, launin toka.

Huda, da gardamar walda

Murnarmu ba ta daɗe ba. Da muka cika tanki da ruwa muka shanya wajensa, sai ga wani ɗan ɗigo yana tsatsafowa a ƙasa ta hagu, huda kamar bakin allura. Dā tsatsar ce ta toshe ta. Baba ya ce a kai wa mai walda ya ɗiga mata wuta a huta. Kawu ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Na taɓa ganin tankin da aka rantse an wanke ya tsage a hannun mai walda. Mai yana ɓuya a haɗin ƙarfe, zafi ne yake fito da shi. Kada garin neman gira a rasa ido." Baba ya yi shiru, can ya ce, "To, Kawun yara, yi yadda ka gani."

Kawu ya ce sabulun da direbobi suke goga wa huda a hanya dabara ce ta isa gida kawai, don fetur ba ya narkar da sabulu amma ruwa yana wanke shi. Huda ƙarama irin tamu, shafen da za a yi ta ciki zai toshe ta, sai a manna salatif ta waje kafin a zuba. In kuwa hudojin sun yi yawa, ko ƙarfe ya yi laushi yana lotsawa in an danna da yatsa, to babu sauran magani, sabon tanki za a saya. Mai da yake ɗiga a kan inji mai zafi, a tsakanin ƙafafun mutum, ba abin yi wa rowa ba ne.

Busarwa da shafe

Ƙarfen da aka kankare tsirara yake, kafin ka ankara ya fara yin ja-ja tun a ranar. Saboda haka busarwa da sauri ake yinta. Muka jira rana ta buɗe, muka kife tanki ya tsane, muka kai wa mai faci ya hura masa iska ta kowace kafa, muka zuba ɗan ruwan sifirit muka jujjuya don ya kwashe sauran laima, muka sake hura iska, kana muka shanya shi a rana yini guda baki a buɗe. Wanda yake da zaɓi ya bari sai hunturu ko bazara, lokacin da iskarmu take a bushe. Mu dole ce ta sa muka yi da damina.

Shafen cikin tanki ba fenti ba ne. Fenti na gida fetur yana narkar da shi, ya bi tiyo ya toshe kafireto. Akwai magani na musamman da aka yi don wannan aiki. Wani gwangwani ɗaya ne, irin su POR-15 da Red-Kote na Amurka, wani kuma ifoksi ne mai gwangwani biyu da ake haɗawa. A duba a tabbata an rubuta cewa yana jure fetur mai gauraye da sinadarin etanol ko metanol, domin a Fabrairu na 2022 an taɓa shigo da fetur ƙasar nan wanda metanol ya yi masa yawa, har aka janye shi daga kasuwa. Namu mai gwangwani biyu ne, yayana ya yi cigiyarsa a Kano. Kwatan lita ya ishi tankin babur.

Muka haɗa su daidai yadda aka rubuta a jikin gwangwani, muka gauraya sosai, muka zuba nan take, don a zafinmu yana saurin daskarewa. Muka rufe baki da leda, Kawu ya riƙa juya tanki a hankali, gaba, baya, dama, hagu, ya kife shi, yana dakatawa kaɗan a kowane gefe, har ya tabbata ba inda bai taɓa ba. Sa'an nan ya tsiyaye ragowar don kada ta taru a wuri ɗaya, ya soka tsinke a kafar famfo don kada ta toshe, muka ajiye shi a inuwa baki a buɗe.

Sai jira. Wani maganin kwana biyu yake so, wani huɗu. Kawu ya ce huɗu za mu yi. A rana ta biyu ranar kasuwa ta zo, Baba ya ga abokan aikinsa suna ta wucewa da kaya, ya shiga ya taɓa cikin tanki ya ji ya yi tauri, ya ce a ɗaura. Ni kuwa na san kuɗin makarantata na zangon da za a shiga yana cikin wannan kasuwa, bakina ya mutu. Inna ce ta ce, "Malam, ka tuna daren nan. Kasuwa tana nan wani mako." Baba ya koma ya zauna. Daga baya Kawu ya gaya mana cewa shafen da aka zuba wa mai bai gama nuna ba, ko aka yi shi a kan laima, yakan saɓule kamar saɓar maciji ya toshe famfo, kuma fid da shi ya fi fid da tsatsa wuya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda bai sami wannan magani ba, aikinsa bai ɓaci ba in dai tankinsa bai huje ba. Da ya bushe sai ya zuba ɗan baƙin mai sabo ya jujjuya ya tsiyaye, ya ɗaura, ya cika shi da fetur a ranar.

A rana ta biyar muka ɗaura tanki da sabuwar robar famfo da sabon tiyo, muka sa 'yar matata ta roba mai haske tsakanin tanki da kafireto, Kawu ya wanke kafireto ya canza fulogi. Bugu ɗaya babur ya tashi. Kuɗin makaranta ya yi jinkirin mako biyu, amma an biya.

Roƙona ga iyaye da 'yan'uwa

Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin ba shi da tsada. In za a sayi man kwalba a ɗaga ta a dubi gindinta, in an ga wani layi a ƙasa ruwa ne. A tace da tsumma mai tsabta, amma a sani tsumma ƙura yake tarewa ba ruwa ba, don haka a bar 'yan ɗigon ƙarshe a kwalba. A duba robar murfi, in ta tsage a canza. Kada a bar babur a ruwan sama, kada kuma a watsa ruwa a kan murfi wajen wanki. A sa matata, a riƙa dubanta, ranar da aka ga jan gari a cikinta an san abin da ya fara. Lokaci lokaci a murɗa zuwa rizab da rana a gida, a tsiyaye rabin kofi a farar kwalba a gani, kada a bari sai dare a daji. In za a jingine babur na wata da watanni, ko dai a cika tankin fam, ko kuwa in babu hali a juye shi sarai a shafe cikinsa da baƙin mai. Barinsa da kofi biyu, kamar yadda muka yi, shi ne mafi muni.

Ni dai wannan hutu ya canza mini yadda nake kallon darasin kimiyya. Dā ina haddace shi ne don jarrabawa, sai ga shi na gan shi a gindin dalbejiyar gidanmu, da kanwar Inna da rodin Kawu. Kawu bai yi sakandare ba amma hannunsa ya san aikin, Malam kuma ya san dalilinsa, ni kuwa Allah ya ba ni damar zama tsakaninsu. Burina in na gama in shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina in karanta aikin injiniya. Kafin nan, duk wanda babur ɗin gidansu yake tari, ya je ya tsiyaye ɗan mai a farar kwalba yau ɗin nan, ya nuna wa mahaifinsa.

Allah ya kiyaye mu a hanya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ba mu ilmi mai amfani. Wassalam.